Daga Kuɗin Dabino zuwa Kason Abuja: Tarihin Haraji da Arzikin Ƙasar Dutse

A farkon shekarar 1851 wani matafiyi Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ya zagaya ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya sauka a birnin Kano, zamanin Sarki Usman ɗan Dabo. Cikin abubuwan da ya rubuta har da lissafin kuɗin da ke shiga taskar sarki. Kowane magidanci yana biyan wuri 2,500 a shekara a matsayin kuɗin ƙasa. Kowace rijiyar rini a marina wuri 700, shi ne kuɗin karofi, kuma ya ƙiyasta rijiyoyin da ke cikin birni kaɗai sun haura 2,000. Akwai kuɗin rafi a kan kayan lambu. Akwai kuma kuɗin dabino, wuri 600 a kan kowace bishiya.

Ƙasar Dutse tana ƙarƙashin Kano a wancan zamani, kuma har gobe da dabino aka san ta; a can ne ma tashar binciken dabino ta gwamnatin tarayya take. Sarkin da ke karɓar wuri 600 a kan kowace bishiya yana da dalilin sanin yawan itatuwan da ke ƙasarsa, yana kuma da dalilin damuwa idan suka bushe. Yau Dutse babban birnin jiha ce, mai sakatariya da jami'a da filin jirgin sama, amma mafi yawan kuɗin da ke tafiyar da ita daga Abuja yake zuwa wata-wata. Dabino ya yi albarka ko ya zube, riɗi ya yi daraja ko ya faɗi, taskar jiha ba za ta ji a jikinta sosai ba.

Masana tattalin arziki sun daɗe suna muhawara a kan ko harajin da ba na man fetur ba yana haɓaka arzikin ƙasa mai tasowa ko yana danne shi. Ƙasar Dutse da maƙwabtanta, Kiyawa da Birnin Kudu da Jahun da Ringim, sun gwada amsoshin duka biyu a jikinsu. Sun yi zamanin da ake tatsar manomi ba a tambayarsa, sun kuma yi zamanin da aka daina tatsarsa aka daina waiwayarsa.

Taskar sarki da jakadu

Haraji ya girmi jihadi a ƙasar Hausa. Cikin laifuffukan da Shehu Usman ɗan Fodiyo ya lissafa wa sarakunan Haɓe a littafinsa Kitabul Farƙi akwai ɗora wa talakawa kuɗaɗen da shari'a ba ta san su ba, ya ambaci jangali da kuɗin gari da sunayensu. Sai dai bayan an kafa daula, bukatar ciyar da mayaƙa da gyaran ganuwa da aika gaisuwa Sakkwato ta sa yawancin waɗannan kuɗaɗe suka dawo, suka zauna kafaɗa da kafaɗa da zakka. Abin da Barth ya tarar ke nan, shekara 34 bayan rasuwar Shehu.

Tsarin karɓar yana da hawa-hawa. Yawancin hakiman Kano a birni suke zaune, jakadunsu ne ke zuwa ƙauyuka su karɓo. Dutse tana cikin manyan garuruwan da ke da sarakunansu na gado, kamar Rano da Gaya da Ƙaraye, don haka Sarkin Dutse ne ke tara na ƙasarsa daga Garu ya aika birni. A kowane hawa akwai mai gutsurar rabonsa, kuma babu wani kundi ɗaya da ke nuna abin da aka karɓa da abin da ya isa.

Duk da haka wannan tsari yana da wata siffa da ta dace a riƙe. An ɗora shi a kan sana'a da amfanin ƙasa: gona, marina, lambu, garke, kasuwa. Kano ta zama cibiyar saƙa da rini da ake kai tufafinta har Tambutu da Gadamas, kuma sarakunanta sun yi ta jawo masu sana'a da fatake su zauna a ƙasarsu, domin kowane marini da ya ƙaru ƙarin kuɗin karofi ne. Cikin sarki yana ɗaure da cikin talaka, ko da talaka ba shi da bakin magana.

Baitulmali, sule da gyaɗa

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairun 1903. Lugard bai zo da kuɗin da zai riƙe ƙasa mai faɗin Arewa ba, don haka abin da ya fara nema shi ne yadda zai gaji harajin da ya tarar. Dokar kuɗin shiga ta 1906 ta share fagen dunƙule tsofaffin kuɗaɗen zuwa haraji guda, tare da jangali a kan shanu. Aka rushe aikin jakadu, aka tura hakimai su zauna a gundumominsu, aka mayar da dagatai da masu unguwa masu karɓa. A gundumomin da ke kewaye da birni aka shigo da awon taki, malamai suna auna gonaki da sawu domin a yanka wa kowace abin da za ta biya. Daga nan aka kafa baitulmali, wanda Palmer ya fara gwadawa a Katsina, ya kuma yaɗu zuwa sauran masarautu wajen 1911. Sarki da hakimi da alƙali suka koma cin albashi, kuma a farko rabin abin da aka tara ne ke zama a En'e, rabi ya tafi wa gwamnatin Turawa.

Babban canjin da ya taɓa manomi shi ne irin kuɗin da ake biya. An daina karɓar wuri da dami, sai sule da sisi. Mutumin da rumbunsa ke cike da gero ya wayi gari yana bukatar kuɗin Bature a hannu kowace kaka. A daidai wannan lokaci layin dogo ya iso Kano a 1911. Turawa auduga suke so domin masaƙun Lankasha, amma manoman ƙasar Kano suka zaɓi gyaɗa, saboda ta fi kuɗi, tana yi a jigawa, kuma idan kasuwa ta ƙi ana iya cin ta. A 1913 gyaɗar da Nijeriya ta fitar ta haura tan 19,000, alhali shekara biyu kafin nan ba ta kai ko kusa da haka ba. Zuwa 1930 an miƙa layin dogo daga Kano zuwa Nguru ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori, tashoshin suka zama wuraren sikeli da 'yan baranda.

Masana tarihi sun rabu a kan wanda ya tura wannan keke. Jan Hogendorn ya ba manoma da 'yan kasuwar Kano, irin su Alhassan Ɗantata, mafi yawan yabon, domin su suka hango riba suka bi ta. Michael Watts da Robert Shenton kuwa sun nuna hannun haraji a ciki. Ana karɓarsa ne da kaka, lokacin da farashin amfanin gona yake ƙasa, kuma ba ya cika sassauci ko damina ta yi gardama. Manomi ya sayar da hatsinsa da araha ya biya, ya dawo ya saye shi da tsada da bazara. A yunwar Kakalaba ta 1914 da ta 'Yar Buhu ta 1927 an ga abin da wannan ke haifarwa idan rumbuna suka riga suka yi sauƙi.

Maganganun biyu suna da gaskiya. Haraji ya taimaka wajen jawo ƙauyuka cikin kasuwar duniya, ya kuma samar da taskar da ta yi ayyukan da ake gani. En'e ta Kano ta zama mafi arziki a Arewa. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da kuɗinta aka jawo ruwan famfo daga Challawa aka kuma kunna wutar lantarki a 1931, da shi aka riƙe asibitin birni da makarantu da kotuna. Abin tambaya shi ne inda ayyukan suka sauka. Manomin Dutse da na Birnin Kudu da na Jahun ya biya nasa rabon, amma famfon a birni aka kafa shi, kuma layin dogo ma ya bi ta arewa ya bar Dutse a gefe. Ƙorafin cewa gabashin Kano yana biya ba ya gani, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin hujjojin masu neman jihar Jigawa, a nan tushensa yake.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka ƙara wani harajin da ba shi da rasit. A 1949 aka kafa hukumar sayen gyaɗa, wadda a 1954 ta koma hannun gwamnatin Jihar Arewa. Hukumar ce kaɗai ke da ikon fitar da gyaɗa waje, tana saye a farashin da ta yanka, tana riƙe bambancin da ke tsakaninsa da farashin duniya. An ce ajiya ce domin ranar da kasuwa za ta faɗi, amma kamar yadda Gerald Helleiner ya nuna a bincikensa na shekarun 1960, rarar ta zama babbar hanyar samar da kuɗin raya ƙasa. Daga irin wannan kuɗi na gyaɗa da auduga aka zuba jari a masana'antu kamar masaƙar Kaduna ta 1957. Wannan shi ne lokacin da kuɗin da ba na mai ba ya fi yi wa Arewa aiki, kuma manomin da ya biya shi bai ma san nawa aka cire masa ba.

Sawaba

Harajin da ba a ba mai biyansa bakin magana ba yakan tara gaba. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, ta sami ƙarfinta a karkara ne daga koke-koken haraji da jangali: ƙari a kan abin da aka yanka, sanya yaran da ba su isa ba cikin lissafi, wulaƙanta wanda ya kasa biya a bainar jama'a, ƙirga wa makiyayi shanun da ba shi da su. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, don haka dagaci da hakimi ne suka ɗauki mafi yawan fushin. A ɓangaren kashewa ma an sami matsala. Binciken da Muffett ya jagoranta a kan kuɗin En'e ta Kano a 1962 shi ya kai ga murabus ɗin Sarki Muhammadu Sanusi a 1963.

Kafin a warware wannan rigima, sai ƙasa ta sauya a ƙarƙashin ƙafafun masu yin ta. An gano mai a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi a 1958, kuma tsakanin 1973 da 1974 farashinsa ya ninka kusan sau huɗu. A daidai waɗannan shekaru fari ya afka wa Arewa, sannan cutar da kwarin darɓa ke yaɗawa ta cinye gyaɗar 1975. Dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rushe En'e, ya ba sababbin hukumomin kaso daga asusun tarayya. Taskar da a da take kallon gona ta juya tana kallon Legas, daga baya Abuja.

Saboda haka lokacin da Muhammadu Abubakar Rimi na jam'iyyar PRP ya hau kujerar gwamnan Kano ranar 1 ga Oktoba, 1979, ya soke haraji da jangali, kamar yadda Balarabe Musa ya yi a Kaduna, ya cika alkawarin da magoya bayan Malam Aminu Kano suka yi kusan shekara 30 suna jira. Matakin ya yiwu ne kuma domin gwamnati ta daina bukatar kuɗin. An yi murna a ƙauyuka, kuma murnar tana da hujja. Abin da ya tafi tare da harajin ba a lura da shi ba a lokacin. Kundin da mai unguwa ke riƙewa na magidanta da gonaki da garkuna ya mutu, kuma dalilin da ke tilasta wa hukuma zuwa kowane ƙauye ko sau ɗaya a shekara ya kau.

Jihar da aka haifa a zamanin kaso

Ranar 27 ga Agusta, 1991, Janar Ibrahim Babangida ya cire Jigawa daga Kano, aka mayar da Dutse, wadda hedikwatar ƙaramar hukuma ce kawai, babban birni. Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, da manyan kasuwannin Kantin Kwari da Dawanau, duk suka zauna a Kano. Sabuwar jihar ta tashi da manoma da makiyaya da ma'aikatan gwamnati. Ba ta taɓa sanin wata rayuwa da ba ta kason tarayya ba, inda ake raba kuɗi kashi 52.68 cikin 100 ga gwamnatin tarayya, 26.72 ga jihohi, 20.60 ga ƙananan hukumomi.

Kason ya yi aiki, babu mai musun haka. Wanda ya san Dutse a 1991 ya kuma gan ta bayan mulkin Sule Lamido, daga 2007 zuwa 2015, ya san an gina gari: tituna, sakatariya, gidajen ma'aikata, filin jirgin saman da aka buɗe a 2014. Gwamnatin tarayya ta kafa jami'a a garin a 2011, jiha ta kafa tata a Kafin Hausa a 2013. Amma a ƙididdigar talauci da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar ta shekarar 2019, kashi 87 cikin 100 na mutanen Jigawa suna ƙasa da layin talauci, Sakkwato da Taraba ne kaɗai suka ɗara ta da ɗan kaɗan. Gine-ginen sun tashi, aljihun manomi bai bi su ba.

Dogaro da kaso yana da illa uku da tarihin jihar ya nuna. Ta farko rashin tabbas. Gangar mai da ta haura dala 100 a tsakiyar 2014 ta faɗo zuwa wajen dala 30 a farkon 2016, tattalin arzikin Nijeriya ya ja baya a shekarar, jihohi da yawa suka kasa biyan albashi. Aikin ban ruwa ko hanyar karkara mai bukatar shekara biyar ba ya tsaruwa a kan kuɗin da farashin kasuwar Landan ke juyawa. Ta biyu, ko kuɗin shigar da ake kira na cikin gida, babban ɓangarensa a jihohi harajin albashi ne, kuma a jihar da gwamnati ce babbar mai ɗaukar ma'aikata, wannan kason Abuja ne ya sake riga. Ta uku ita ce mafi zurfi. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Gwamnatin da ba ta ci ladan manomi ba, babu abin da ke tilasta mata askin, sai dai kirkin wanda ke kan kujera. Shi ma manomin, tun da bai ga abin da ya fita daga aljihunsa ba, yakan ɗauki rijiyar burtsatse a matsayin kyautar ɗan siyasa, ya yi godiya a inda ya kamata ya yi tambaya.

Abin da bincike ya nuna a wasu wurare

Tun a 1377 Ibn Khaldun ya lura a Muƙaddima cewa dauloli sukan fara da haraji mai sauƙi su tara da yawa, su ƙare da mai nauyi su tara kaɗan, domin nauyin yana kashe wa mutane zuciyar nema. Binciken zamani ya ƙara ɗaya gefen. A 2016 wasu masana uku na Asusun Ba da Lamuni na Duniya, Gaspar da Jaramillo da Wingender, sun duba tarihin ƙasashe masu yawa, suka gano cewa idan harajin da ƙasa ke tarawa ya haura kimanin kashi 13 cikin 100 na arzikin da take samarwa a shekara, bunƙasarta takan ƙara sauri na tsawon shekaru. Ƙasa da wannan, gwamnati ba ta iya riƙe kotu da makaranta da hanya yadda mai jari zai saki jiki. Na Nijeriya, a lissafin Hukumar Ƙididdiga na 2021, kashi 10.86 ne, alhali matsakaicin ƙasashen Afirka yana wajen 16.

A garin Kananga na ƙasar Kwango an yi wani gwaji da ya shafi ɗaya tambayar, ta bakin magana. A 2016 aka bi wasu unguwanni gida-gida ana rajistar harajin gidaje, aka bar wasu. Jonathan Weigel ya gano cewa mutanen unguwannin da aka shiga sun fi halartar tarukan da gwamnati ta kira, sun fi neman a gaya musu inda kuɗi ke tafiya. A wani gwajin da ya biyo baya a garin, da aka ba masu unguwa aikin karɓa maimakon ma'aikatan gwamnati, kuɗin da aka tara ya ƙaru da sama da kashi 40 cikin 100, saboda sun san wanda ke da hali da wanda ba shi da shi, ko da yake cin hanci ma ya ɗan ƙaru. Wanda ya san tarihin En'e ba zai yi mamakin ko ɗaya daga cikin sakamakon biyu ba.

A cikin gida, Legas ta tara sama da naira biliyan 800 a 2023, amma Legas tana da tashar jiragen ruwa da hedikwatar bankuna, misalinta ba ya yi wa Dutse amfani sosai. Na Kaduna ya fi kusa. A 2016 jihar ta dunƙule dokokin harajinta wuri guda, ta hana karɓar tsabar kuɗi a hannu, ta mayar da rajistar filaye cikin kwamfuta, kuma cikin shekara biyar kuɗin shigarta ya ninka fiye da sau uku. Mafi yawan ƙarin daga toshe ɓaraka da sanin masu biya ya fito.

Inda igiyar za ta sake ɗauruwa

Jigawa ba ta rasa abin da ake nema ba. Tana cikin manyan masu noman riɗi da zoɓo a Nijeriya, ana kai riɗin Japan da Sin da Turkiyya, zoɓon kuma Meziko. Akwai shinkafa da alkama a kwarin Haɗeja, akwai ƙaro, akwai kasuwar dabbobi ta Maigatari da ke ci ranar Alhamis, da kasuwannin hatsi na Shuwarin da Gujungu da Sara. Sai dai buhun riɗin da aka saya a Shuwarin, yawanci a Kano ake tace shi, a Legas ake loda shi a jirgi. Harajin kamfani na gwamnatin tarayya ne, harajin albashi kuma na jihar da ma'aikaci ke zaune ne. Abin da ya rage wa ƙasar da ta noma shi ne kuɗin rumfa da kuɗin lodi da abin da ake karɓa a shingen hanya.

Waɗannan ƙananan kuɗaɗe su ne mafi cutarwa ga kasuwanci idan suka yi yawa. Dokar 1998 da ta jera harajin da kowane matakin gwamnati ke da ikon karɓa ta bar wa ƙananan hukumomi kuɗin kasuwa da na tasha da na shanu, ta kuma hana kafa shinge a hanya domin karɓar haraji. Duk da haka direban da ke ɗaukar dabbobi ko hatsi daga Arewa zuwa Kudu ya san yawan tsayawar da ke gabansa, kuma duk abin da ya biya a hanya daga farashin manomi ake cire shi. Irin wannan haraji jikan na jakadu ne: hawa-hawa, babu kundi, kaɗan ke isa taska.

Dokokin haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni, 2025, sun sauya lissafin ta hanya biyu. An ɗauke haraji daga naira 800,000 na farko na kuɗin shigar mutum a shekara, wanda adalci ne ga mai ƙaramin albashi, amma yana rage abin da jiha matalauciya za ta samu daga albashi. An kuma ƙara kason jihohi a harajin VAT daga kashi 50 zuwa 55, kuma bayan turjiyar da gwamnonin Arewa suka yi a Oktoban 2024, aka tsaya a kan raba rabin kason daidai wa daida, kashi 20 bisa yawan jama'a, kashi 30 bisa inda aka yi cinikin. VAT ba kuɗin mai ba ne, amma muddin daga Abuja yake zuwa bisa daidaito da yawan kai, ba ya ɗaura taskar Dutse da kasuwar Shuwarin. Kashi 30 na ƙarshen ne kawai ke yin haka, kuma jihar da ba ta da rajistar cinikin da ake yi a cikinta ba za ta iya kare haƙƙinta a kansa ba.

Tarihin ya nuna abin da ba zai yiwu ba. Babu gwamnan da zai dawo da harajin kai a ƙasar da NEPU da PRP suka yi ƙarfi, kuma a jihar da mutum 8 cikin 10 ke fama da talauci bai kamata a gwada ba. Hanyoyin da suka rage sun fi wuya. Filaye da gidajen Dutse, waɗanda titunan gwamnati suka ɗaga darajarsu tun 1991, su ne abin da ya fi cancantar haraji, domin fili ba ya ƙaura, kuma masu shi ba su ne matalauta ba. Kuɗin kasuwa zai iya zama guda ɗaya mai rasit, a liƙa lissafinsa a ƙofar kasuwa, a ga rumfa da magudanar ruwa da ya gina. Injin tace riɗi ko matse gyaɗa da aka kafa a cikin jiha yana kawo ma'aikatan da harajin albashinsu zai zauna a gida, kuma wannan ne zai ba ma'ajin jiha dalilin damuwa da wutar lantarki da hanyar da ke zuwa gona. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma kason da ya ƙaru a naira tun bayan cire tallafin mai a 2023 shi ne ruwan cikin da ake da shi a yanzu.

Ƙasar Dutse ta yi kusan shekara 70 tana biyan harajin da ya gina wani gari, ta kuma yi sama da shekara 40 tana karɓar kuɗin da ba gonakinta suka samar ba. Abin da ba ta taɓa gwadawa ba shi ne haraji mai sauƙi da ake kashewa a inda aka karɓe shi, a ƙarƙashin hukumar da mai biya zai iya kayarwa a akwatin zaɓe. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya buɗe ƙofar hakan a takarda. Ko za a shiga, za a gane ne ranar da shugaban ƙaramar hukumar Kiyawa zai iya faɗin buhun riɗi nawa ya fita daga Shuwarin a kakar bana, nawa aka karɓa a kansa, da abin da aka yi da kuɗin.